Shin Igwa Mai Cin Dogon Zango Tana da Gurbi a Babban Wasan Dabarun Yaƙi?

Tambaya: Muna tsara wasan dabarun yaƙi na kwamfuta a kan Yaƙin Duniya na Biyu. Taswirar ta ɗauki Turai baki ɗaya, an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida. Faɗin kowane gida kilomita 25 ne, kowane zagaye mako guda, kowane ɗa a kan taswira kuma runduna ce sukutum. Kanmu ya rabu: wasu na so igwa ta zama ɗa mai zaman kansa da zai riƙa harbi daga nisan gida biyu ko uku, wasu sun ce hakan zai ɓata wasan. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Malam, a ma'aunin da ka faɗa, masu cewa zai ɓata wasan sun fi kusa da gaskiya, amma kada su ɗauka an ce a cire igwa. Wasan yaƙin ƙarni na 20 da babu igwa a cikinsa ya bar babban mai kisa a waje. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka kashe ko aka raunata a fagen daga, harsashin igwa ne ya same su, kuma a na Biyu ma ita ce kan gaba a yaƙin ƙasa. Saboda haka shigarta dole ce. Inda gardamar take shi ne siffar da za ta shiga da ita, kuma wannan lissafi ne ke yanke shi.

Ɗauki igwar da rundunoni suka fi dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta Amurka mai bakin milimita 105 tana kai harsashi kilomita 11 da 'yan kai. Takwararta ta Jamus, leFH 18, ba ta cika 11 ba. Ta Birtaniya da ake kira mai fam 25 tana kai 12. Ta Tarayyar Sobiyat mai milimita 122 tana dab da 12. Manya kuwa, irin ML-20 ta Sobiyat mai milimita 152, kilomita 17, doguwar igwar Amurka mai milimita 155 kuma kimanin 23. Sannan ba a girke igwa a bakin daga. Ana ja da ita baya, ta yadda kusan kashi ɗaya cikin uku na zangonta yana ƙarewa ne a kan sojojinta. Igwa mai kilomita 11 ke nan abin da take leƙawa cikin ƙasar abokan gaba bai wuce kilomita 7 ko 8 ba.

Yanzu ka aza wannan a kan gidanka mai kilomita 25. Ko rabin gida ba ta ƙetare ba. In ka ba ta zangon gida uku, ka ba ta kilomita 75, wato ka miƙa wa kwamandan 1942 makamin da sai bayan shekaru masu yawa rokoki masu linzami suka kawo irinsa. Ga kuma lokaci: cikin mako guda, igwa ta tashi, ta sake wuri, ta yi harbi, ta sake tashi sau da dama, duk a cikin gida ɗaya. Abin da ɗan wasa zai gani daga sama shi ne rundunar da ta fi igwa da harsashi ta fi bugu. Ke nan a wasanka igwa siffa ce ta runduna, ko kuma kayan tallafi da hedikwata ke rabawa.

Dokar da za ka riƙe ita ce ka raba zangon da igwa ke leƙawa da faɗin gida. In amsar ba ta kai ɗaya ba, kada ta zama ɗa mai harbi daga nesa. In ta faɗa tsakanin 2 da 10, nan ne gurbinta na asali, misali gida mai kilomita 1 zuwa 3, inda ɗa bataliya ce, zagaye kuma 'yan sa'o'i. In ta wuce 30, kamar a wasan da gida mita 250 ne, igwar ta fi taswirar tsawo, sai a fitar da ita waje, ɗan wasa ya riƙa kiranta ta rediyo, yadda wasan Company of Heroes ke yi da wani ɓangare na igwarsa. Manyan wasannin da suka damu da ma'auni haka suka bi. A Gary Grigsby's War in the East na 2010, gida mil 10 ne, wato kilomita 16, zagaye mako guda, kuma yawancin igwa tana zaune ne a hannun hedikwata, ana jefa ta cikin fafatawar da ta tashi kusa. A Hearts of Iron IV bataliyar igwa ake sakawa cikin tsarin runduna, ta ƙara mata ƙarfin bugun dakaru. Ko a Axis & Allies na kan tebur, aikin igwa shi ne ta ɗaga ƙarfin harin sojan ƙasa daga 1 zuwa 2.

Za a ce maka ai Civilization V ya ba igwa zangon gida uku a taswirar duniya kuma mutane sun so shi. Haka ne, amma a wasan nan maharbi da kwari da baka ma yana harbi gida biyu, ya ƙetare mashigin teku. Bai taɓa da'awar ma'auni ba. In naku wasan ma irin wannan ne, ku yi abin da ya fi daɗi. Amma tunda ka ambaci kilomita da mako, ka riga ka yi wa ɗan wasa alƙawarin cewa lambobin suna da ma'ana.

Abin da ke lalacewa in an sa ta ba shiri

A ajiye tarihi gefe, a dubi wasan kansa, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. A taswira mai kusurwa shida, ɗan da sai ya matso yake faɗa, gida 6 kaɗai ke kewaye da abin da zai kai wa hari. In layin daga miƙaƙƙe ne, biyu kawai daga cikinsu ke ɓangarenka. Wannan ƙuncin shi ne ke kare mai tsaro, shi ne ke sa a nemi ɓalle layi ko a zagaya ta gefe. Da zarar zango ya zama 2, gidajen da ke iya kai wa wuri ɗaya sun zama 18, bakwai a ɓangarenka. A zango 3 sun zama 36, goma sha biyar a ɓangarenka. Cire shida na sahun gaba da dakaru ke tsaye a kai, saura gida tara da za a cika da igwa, dukansu suna dukan ɗa guda, kuma babu wanda zai rama musu.

Ka ce kowace igwa tana cire kashi 10 na ƙarfin runduna. Tara sun cire 90 a zagaye ɗaya. Dakaru su taka su ƙarasa, a matsa gida ɗaya, a maimaita. Injiniyan Birtaniya Frederick Lanchester ya bayyana tushen wannan tun 1916: inda kowa ke iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninka da kansa, wanda ya fi ka sau biyu ya fi ka sau huɗu. 'Yan wasa ba sa buƙatar sanin sunansa kafin su gano abin. Cikin 'yan kwanaki da fitar wasan za ka ga kowa ya daina ƙera tanka, an koma tara igwa da 'yan dakarun da za su tare mata gaba. Wanda ya fara tarawa shi ke ci, wanda aka fara duka ba ya farfaɗowa, domin yana asara ba tare da ya jawo wa mai dukansa asarar komai ba.

Matsala ta biyu kishiyar wannan ce. In igwa tana kare duk gidan da ke cikin zangonta, mai tsaro sai ya noƙe, ya jera ta a bayan kogi, duk wanda ya matso ya sha wuta tun kafin ya iso. Kowa ya ga hari asara ne, sai wasan ya daskare. Wannan ya dace in 1916 kuke kwaikwayo, amma a 1941 ya kashe ruhin zamanin.

Ta uku ita ce gajiya. Gabashin Turai kaɗai zai ɗauki rundunoni ɗaruruwa. In kowace tana da 'yar igwarta daban, ka ninka 'ya'yan da za a motsa, kuma kowace igwa sai an zaɓa mata abin hari kowane zagaye. Daga zagaye na ashirin wannan ya daina zama shawara, ya zama aikin dole. Kwamfuta ma tana shan wahala da shi: ko ta bar igwarta a sahun gaba a cinye, ko ta ja ta baya har ba ta kai ga komai. Ɗan wasa ya gane haka, sai ya riƙa cin kwamfuta da dabara guda har ya gaji ya ajiye.

Igwa ba ta cika kashe wanda ya haƙa rami ba

Wannan shi ne abin da yawancin wasanni ke kuskurewa, kuma gyara shi yana warware rabin matsalar. A ƙarshen Yunin 1916, kafin harin Somme a Faransa, Birtaniya ta yi mako guda tana ruwan wuta, harsashi sama da miliyan ɗaya da rabi. Da yawa irin mai watsa ƙananan ƙarafa ne da bai iya yanke waya mai ƙaya yadda aka zata ba, wasu kuma ba su tashi ba sam. Jamusawa suna cikin ramuka masu zurfi. Da wuta ta ɗaga ranar 1 ga Yuli, suka fito da bindigoginsu masu sarrafa kansu. A wannan rana kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, daga ciki 19,240 sun mutu. Mako guda na harbi ya kuma sanar da abokan gaba daidai inda harin zai faɗo.

Kwatanta da 21 ga Maris 1918. Jamus ta tara igwa sama da 6,000, ta yi harbi na sa'o'i biyar kacal bisa tsarin hafsanta na igwa Georg Bruchmüller, aka fi auna hedikwatoci, layukan waya da igwar Birtaniya, da gas da harsashi a gauraye. Ba a nemi kashe kowa a rami ba. An nemi a kurmantar da su, a yanke su daga masu ba su umarni, a hana su ɗaga kai har dakaru su iso kansu. Layin ya ɓalle. Sojan Amurka ma a koyarwarsa ya raba sakamakon harbi hawa-hawa: dannewa, wadda ke ƙarewa da zarar wuta ta tsaya, gurguntawa, wadda ake ƙiyastawa da asarar kashi 10, da rusawa, kashi 30. Ka lura, kashi 30 ake kira rusawa, kuma harsashin da ake ci kafin a kai can yana da yawan gaske.

To a wasa, ka ba kowace runduna ma'auni biyu: ƙarfi, wato mutane da kaya, da kuma natsuwa, wato iya aiki tare. Igwa ta fi cin natsuwa. Ga lambobin da za ku fara gwaji da su, ku gyara daga baya. A kan rundunar da ke tafe a fili, rabin dukan ya tafi ga ƙarfi, rabi ga natsuwa. A kan wadda ta haƙa rami, kashi ɗaya ga ƙarfi, huɗu ga natsuwa. A kan ganuwar kankare, ƙananan igwa kada su taɓa ƙarfi ko kaɗan, sai masu milimita 200 zuwa sama. Natsuwa ta dawo da rabin abin da ta rasa kowane zagaye muddin hanyar kaya a buɗe take. Sannan a sa doka mai tsauri: igwa ita kaɗai ba ta share ɗa daga taswira, ba ta kuma kama gida. In ba a bi ta da dakaru a zagayen nan ba, harsashin ya tafi a banza.

Ƙara da raguwar riba. Igwa ta farko ta yi cikakken aiki, ta biyu kashi 70 na ta farko, ta uku kashi 70 na ta biyu, haka har ƙarshe. Da wannan, igwa taran nan da suka cire 90 ɗazu yanzu kimanin 32 za su cire, kuma ko ɗari aka tara ba za su wuce 33 da ɗigo ba. Dalilinsa a zahiri yana nan: wanda harsashin farko bai samu ba ya riga ya kwanta, na baya ƙasa suke tonawa.

Kuɗin igwa harsashi ne

Wasanni da yawa suna sa tsadar a kan ƙera igwar, harbi kuma kyauta. A juye yake. Rundunar dakarun Amurka a 1944 tana da igwa 36 masu milimita 105 da 12 masu milimita 155. Harsashin ta farko kilo 15 ne, na ta biyu kilo 43. In kowace ta harba 100 a rana, wanda ba wani abin mamaki ba ne a ranar hari, ka sami tan 54 da tan 52, jimla sama da tan 100, ban da garin harbi da akwatuna. A motar da ke ɗaukar tan biyu da rabi, lodi sama da 40 ke nan, na runduna ɗaya, a rana ɗaya. Shi ya sa ƙarancin harsashi ya girgiza gwamnatin Birtaniya a 1915 har aka kafa ma'aikatar makamai a ƙarƙashin Lloyd George, kuma a kakar 1944 Amurka da duk arzikinta sai da ta riƙa ƙayyade wa igwoginta harsashi a iyakar Jamus saboda tashoshin jiragen ruwa da hanyoyi sun kasa.

Ka mai da harsashi kaya mai zaman kansa, daban da mai da abinci. Kowace hedikwata ta sami rumbu. Harbin yau da kullum ya ci awo ɗaya, shirin babban hari ya ci biyar ko shida. Abin da ke shigowa rumbu a zagaye ya dogara da nisa daga tashar jirgin ƙasa: cikakke a gida biyu na farko, rabi daga gida na huɗu, kwata daga na shida. Nan take ɗan wasa ya sami shawarar da ta dace da girman wasan: a wane yanki zan tara, mako nawa zan jira, kuma me zan hana sauran layin domin wannan? Haka Sobiyat ta yi a Janairun 1945 a gaɓar kogin Vistula, inda ta jera sama da igwa da turmi (gajeriyar igwa mai cilla harsashi sama) 200 a kowace kilomita ta wuraren da ta zaɓa ta fasa, bayan dogon tari.

Tarin kuma kada ya ɓoyu kyauta. Jirgin leƙen asiri ya iya ganin rumbu ya kumbura, domin mai tsaro ya sami damar kawo ɗauki ko ya janye sahun gaba kafin wuta ta sauka.

Sai nauyin tafiya. Yawancin igwar Jamus har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu dawaki ke ja, shida ga leFH 18 guda. A 1918 dakarunsu sun ci kimanin kilomita 60 sannan suka tsaya, kuma babban dalili shi ne igwa da kaya sun kasa ƙetare ƙasar da yaƙi ya riga ya farfashe. A wasa, rundunar da ta yi tafiya fiye da rabin iyawarta ta rasa rabin tallafin igwa a wannan zagaye, manyan igwa kuma su buƙaci zagaye guda na girkawa. Wasan Advance Wars ya yi wannan a sauƙaƙe tun 2001: igwa ba ta tafiya ta yi harbi a zagaye ɗaya, kuma ba ta iya dukan wanda ya manne mata. Gidan da aka yi wa ruwan wuta mai yawa kuma ya ƙara tsadar ratsawa na zagaye biyu ko uku. A Passchendaele ta Beljiyam a 1917 harbi ya rusa magudanan ruwan yankin, ruwan sama ya zo, masu harin suka nutse a taɓon da igwarsu ta haɗa.

Inda harbi daga nesa ya halatta a taswirarka

Akwai 'yan wurare. Na farko rundunonin igwa zalla da Sobiyat ta kafa daga ƙarshen 1942. Waɗannan sun cancanci zama 'ya'ya a taswira, 'yan kaɗan, masu zangon gida ɗaya: suna zaune a bayan sahun gaba, suna tallafa wa fafatawar da ke maƙwabtaka da su, a hari ko a tsaro, kamar yadda igwa ke kare maƙwabcinta a wasan Panzer General. Ka iyakance guda biyu a fafatawa ɗaya. In tanka ta ɓallo ta same su, su watse nan da nan.

Na biyu mashigin ruwa da tashoshi. Igwogin Jamus a gaɓar Faransa sun riƙa dukan Dover ta Ingila daga 1940 zuwa 1944, nisan kilomita 30 da 'yan kai. Irin waɗannan gini ne da ba ya motsi, aikinsu su tsananta wa jiragen ruwan da ke ratsa gidan teku na kusa. Haka igwar manyan jiragen yaƙi a ranar sauka gaɓa: gida ɗaya daga teku, ba ƙari.

Na uku kewaye. In an zagaye gari ko sansani, igwar da ke kan tuddai tana rufe filin jirgi da tasha. Misalin da ya fi fitowa fili ya zo bayan yaƙin, a Dien Bien Phu ta Vietnam a 1954, inda mayaƙan Janar Vo Nguyen Giap na Vietnam suka ja igwa masu milimita 105 zuwa kan duwatsu suka ɓoye su, suka hana jiragen Faransa sauka, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu. A wasa wannan doka ce mai sauƙi: gidan da aka kewaye, kuma maƙwabcinsa na da igwa da harsashi, kayan da ke shigo masa ta sama ko ta ruwa su ragu.

Dodannin igwa kuwa, waɗanda 'yan wasa ke ƙauna, a yi hattara da su. Ta Jamus wadda ta harbi Paris a 1918 ta kai kimanin kilomita 120, amma birni guda take iya samu, ba wani gini a cikinsa ba, bututunta yana cinyewa bayan harbi kusan 65, kuma mutanen da ta kashe cikin watanni biyar kimanin 250 ne. Schwerer Gustav ta Jamus mai bakin santimita 80 da nauyin tan 1,350 sai da aka shimfiɗa mata layin dogo na musamman, ta harba harsashi ƙasa da 50 a Sevastopol a Yunin 1942. In kuna son su, ku sa su da tsada mai zafi, a kan layin dogo kaɗai, makonni kafin su girku, amfaninsu kuma a kan ganuwa ko ƙwarin gwiwar birni. Hearts of Iron IV da ya ƙara igwar dogo a 2021 bai bar ta ta kashe runduna ba, tana rage wa abokan gaba ƙarfi ne a fafatawar da ke cikin da'irarta.

In wata rana kuka matsa da wasan zuwa wannan zamani, lissafin ya canza da kansa. Roka mai linzami da HIMARS, motar harba rokoki ta Amurka, ke harbawa tana kai kilomita 70 zuwa 80, wato gida uku a taswirarka, babban makaminta mai linzami ATACMS kuma kilomita 300. Nan harbi daga nesa ya zama gaskiya. Amma ko a nan, abin da aka gani a Yukren a 2022 shi ne dukan rumbunan harsashi, gadoji da hedikwatoci, wanda ya tilasta a ja rumbuna baya. Ka ba su harbi kaɗan ƙidayayye, abin harinsu kuma ya zama hanyar kaya.

Ido da ramuwa

Igwa ba ta ganin abin da take duka. Wani ke gani ya faɗa mata: ɗan hange a tudu, jirgi, balan-balan a da, yanzu jirgi marar matuƙi. Harbin da babu ido a kansa ya yi kashi ɗaya cikin uku na aikinsa. Wannan kaɗai ya ba tuddai da mallakar sararin sama daraja ba tare da an ƙirƙiro musu wani lada na daban ba. Bambancin ƙasashe ma a nan ya fi kyau a nuna shi, maimakon a ƙara wa wata lambar duka. Amurka da Birtaniya sun ƙware wajen juyo da igwa da yawa kan wuri ɗaya cikin mintuna. A tsarin Birtaniya ɗan hange guda yana iya kiran igwa 72 na rundunarsa gaba ɗaya. Sobiyat ta fi ƙarfi a harbin da aka tsara tun da wuri. Ke nan igwar Sobiyat ta yi nauyi a zagayen farko na hari ta ragu in layi ya motsa, ta Amurka da Birtaniya kuma ta riƙa shiga tsaro da kanta.

Kuma duk igwar da ta yi harbi ta tona kanta. Tun 1916 zuwa 1917 ake gano wurinta ta walƙiyar bakinta da kuma na'urorin sauraron ƙara, waɗanda masanin kimiyya Lawrence Bragg ya jagoranci aikinsu a ɓangaren Birtaniya. Kafin a lissafa kowace fafatawa, a fara da matakin igwa da igwa: ɗan wasa ya zaɓi kason wutar da zai juya kan igwar abokin gaba, sifili, kwata ko rabi. Abin da ya tafi can ya rage wa dakarunsa tallafi yanzu, amma ya rage wutar da za ta sauko musu. Maɓalli ɗaya ne a hedikwata, ba sai an bi kowace igwa ba. In wasan na mutane da yawa ne ta intanet, wannan matakin ya zama wajibi, domin babu abin da ke korar ɗan wasa kamar a yi ta dukansa daga inda ba ya gani kuma ba shi da abin yi. A nuna masa aƙalla gidan da wutar ta fito, a rahoton zagaye.

Kafin ku rufe gardamar, ku gwada abu uku da kuɗi daidai a kowane ɓangare, kwamfuta da kwamfuta, sau ɗari kowanne. Runduna mai rabin kuɗinta a igwa ta kara da mai kashi 20 a buɗaɗɗen fili: in mai rabin tana ci fiye da sau 60, ku ƙara tsadar harsashi ko ku tsananta raguwar riba. Runduna marar igwa ta far wa layin da ya yi wata guda yana haƙa: in tana fasawa fiye da sau 20, igwarku ba ta da aiki, ku ƙara wa rami ƙarfi. Na ƙarshe, ku bar ɓangarori biyu masu igwa da yawa su fuskanci juna zagaye goma. In layin bai motsa ko gida ɗaya ba, ku duba saurin dawowar natsuwa tukuna, domin yawanci shi ne ya yi yawa, ku sauke shi daga rabi zuwa kashi ɗaya cikin uku ku sake gwadawa.